Yadda ake tayar da kufai a cikin kwamfuta, daga tsingaro har zuwa bangon Sawakin

Akwai wata ƙofa a tsibirin Sawakin, tsohuwar tashar jiragen ruwa ta ƙasar Sudan, da na ɗauka hoto a watan Oktoba, kafin saukar ruwan da ake yi a gaɓar Bahar Maliya lokacin hunturu. Ƙofa ce mai baka a sama, ginin dutsen murjani, da guntayen katako da aka jera a cikin bango don su riƙe shi. Hoto 214 na yi mata da wayata. Da na koma a watan Fabrairu, bakan ya zube, sai tulin duwatsu da farar ƙasa. Yau idan na buɗe kwamfuta ina iya juya wannan ƙofa ta kowane ɓangare, in auna faɗinta, in ƙirga duwatsun bakan ɗaya bayan ɗaya. A ƙasa babu ita.

Ni haifaffen Mai Wurno ne a bakin Kogin Nilu Shuɗi, garin da kakanninmu suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Aikin safiyo na koya a Khartum, na kuma yi wasu shekaru ina riƙe wa masu tonon kayan tarihi ma'auni a arewa. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya kawo ni Bur Sudan, birnin gaɓar teku da ke arewa da Sawakin. Sawakin ba baƙon wuri ba ne ga Bahaushe, domin ta nan alhazanmu da suka tako da ƙafa daga Kano da Sakkwato suke hawa jirgin ruwa zuwa Jidda. Da labari ya tabbata cewa an wawashe Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Khartum, na ƙudurta cewa abin da na iya ba zan riƙe shi ni kaɗai ba. Duk mai waya da haƙuri zai iya wannan aiki.

Sunansa a wajen masana fotogirametiri, wato auna abu ta hanyar hotuna. Ka rufe ido ɗaya ka miƙa yatsa, sannan ka sauya ido, za ka ga yatsan ya gusa. Da wannan gusawa ƙwaƙwalwa take gane nisa. Manhaja ma haka take yi: tana neman ɗigo guda, kamar wani tabo a jikin tukunya, a cikin hotuna da yawa, ta lissafa inda kyamara take tsaye a kowane hoto, daga nan ta gane inda ɗigon yake. Idan ta yi haka ga dubban ɗigo, siffar abin ta fito.

Kafin ka taɓa komai

Dokar kare kayan tarihi ta 1999 ta sa duk abin tarihi da ke ƙasar Sudan ya zama na gwamnati, a hannun Hukumar Kayan Tarihi da Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Kada ka tona, kada ka ɗauke tsingaro daga inda ka same shi. Ba tsoron hukuma kaɗai ba ne dalili. Tsingaron da aka ɗauke daga mazauninsa ya rasa rabin labarinsa, domin zurfin da yake da abin da ke kusa da shi su ne ke faɗin shekarunsa. Idan wurin tarihi ne, ka je wajen jami'in hukumar da ke kula da shi ka nemi izini a rubuce. A halin da ƙasa take ciki, takardar nan ita ce kariyarka idan wani mai kaki ya ga kana zagaya gini da waya.

Saboda haka koyo a gida ake fara shi. Ni da tulun kakata na fara gwada wa yaranmu, wanda ya fashe lokacin ƙaura, Goggona ta ƙulle guntaye huɗu a ɗankwali ta taho da su. Turmi ma ya yi, ko tsohuwar jabanar ƙasa, wato butar dafa gahawa, ko randa. Abin da ake so shi ne mai kaushi, mai tabo-tabo, marar ƙyalli. Kofin gilas da kwanon silba za su ɓata maka rai a banza, don ƙyalli yana bin kyamara duk inda ta je, manhaja kuwa tana neman abin da yake zaune wuri ɗaya.

Ɗaukar hoto, inda aikin yake

Mutane suna zaton gwanintar tana cikin kwamfuta. A wajen ɗaukar hoto take. Hoton da ya lalace babu manhajar da za ta gyara shi.

Fara da haske. Rana tsaka ita ce babbar abokiyar gaba, domin inuwa mai kaifi takan manne a jikin siffar har abada, kuma inuwar tana tafiya yayin da kake zagaye. Ka nemi inuwar rumfa ko gindin bango inda haske yake ko'ina daidai. Kashe filasha. Kashe duk wani tsarin da ke gyara fuska ko yake dusashe bayan hoto. Yi amfani da babban idon kyamarar wayarka shi kaɗai, kada ka jawo hoto da yatsu, in kana son kusa ka matsa da ƙafarka. A yawancin wayoyi idan ka danna allo ka riƙe, saitin gani da na haske za su kulle, to ka kulle su kafin hoton farko. Goge idon kyamarar da gefen riga mai laushi, ƙurar nan tamu ba ta barin komai. Wanda yake da babbar kyamara ya sa ISO, wato saitin ƙarfin jin haske, a ƙasa, 100 ko 200, ƙofar haske tsakanin f/8 da f/11, ya ɗora ta a kan ƙafa uku.

Shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙasa ka ɗora tsingaron a kai. Rubutun jarida yana ba manhaja ɗigo masu yawa da za ta kama. A gefe ka ajiye rula guda biyu, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, yadda lambobinsu za su fito sarai. Daga wannan lokaci kada abin ya motsa, kada rula ta motsa, kada jarida ta motsa. Idan iska ta ɗaga jaridar ko yaro ya taɓa, sake daga farko.

Yanzu zagaye. Ka ɗauka abin yana tsakiyar agogo, kai kuma kana bin lambobi. Kowane taku ƙarami, kamar digiri 10 zuwa 15, ka tsaya cak ka ɗauka. Zagaye ɗaya zai ba ka hoto 24 zuwa 36. Ka yi zagaye uku: ɗaya kana durƙushe kusan daidai da ƙasa, ɗaya daga tsakiya, ɗaya daga sama kana leƙowa. Ka ƙara 'yan hotuna daga bisa kai tsaye. Ƙa'idar da ba a karyawa ita ce kowane hoto ya hau kan na bayansa da kashi biyu cikin uku ko fiye, yadda kowane wuri a jikin abin zai fito a hoto uku aƙalla. Abin ya cika yawancin allon. Inda akwai zane ko lungu, ka matso a hankali, taku-taku, kana ɗauka a hanya. Idan ka yi tsalle daga nesa zuwa kusa a hoto ɗaya, manhaja ba za ta gane abu ɗaya ba ne.

Kuskuren da na fi gani a wajen masu koyo shi ne mutum ya kafe a wuri ɗaya yana juya wayar hagu da dama. Wannan ba ya ba da zurfi ko kaɗan. Dole ƙafa ta gusa tsakanin hoto da hoto.

Bayan ka gama, ka zauna a wurin ka buɗe hotunan ɗaya-ɗaya, ka faɗaɗa su. Duk wanda ya yi hazo ka goge, ka sake shi nan take. Sannan ka kifa tsingaron, ka sauya jarida, ka maimaita komai don samun ɗaya fuskar. Gefen da ya karye ka ba shi hotuna da yawa, shi ne gadar da za ta haɗa fuskokin biyu, kuma a nan ake ganin irin yumɓun da abin da aka cakuɗa masa.

Wasu suna ɗora abu a kan faifai mai juyawa su kafe kyamara. Yana yi, amma sai bayan ya zama baƙin ƙyalle marar ko ɗigo. In ba haka ba manhaja za ta ga bango a tsaye, ta ɗauka ba abin da ya motsa. A Sawakin ana samun guntayen tangaran na ƙasar Sin masu sheƙi, irin waɗannan sai da matatar haske da ake ɗaura wa idon kyamara don kashe ƙyalli. Na ji masu cewa a fesa hoda ko a shafa alli. A kan kofin gidanku ka yi, a kan kayan tarihi haram.

Wajen kwashe hotuna zuwa kwamfuta, yi amfani da igiyar caji ko memori. Idan ka tura su ta WhatsApp a matsayin hoto, zai matse su ya kuma share bayanan kyamara da ke ɓoye a cikinsu, waɗanda manhaja take buƙata don sanin irin idon da aka yi aiki da shi. In dole ne, tura su a matsayin takarda.

A cikin kwamfuta

Manhajojin wannan aiki suna da yawa. Meshroom kyauta ce, ita nake koyar da yara da ita. Sharaɗinta shi ne kwamfutar ta kasance da katin hoto na kamfanin NVIDIA idan ana son siffa mai kyau. Wanda ba shi da shi zai iya bin gajeriyar hanyar da take da ita, sai dai siffar ba za ta yi laushi ba. Agisoft Metashape ta kuɗi ce, ita na fi gani a hannun tawagogin tono. RealityCapture, wadda yanzu ake kira RealityScan, ta zama kyauta ga masu ƙaramin ƙarfi tun 2024, kuma tana da sauri. 3DF Zephyr tana da nau'in kyauta mai karɓar hoto 50, ya isa ƙaramin tsingaro. Akwai manhajojin waya kamar Polycam da ke tura hotuna wani wuri ta intanet su dawo maka da siffa. Suna da daɗin nuna wa mutane, amma ba na ɗora aikin ajiya a kansu, don ba ka ganin abin da aka yi wa hotunanka, ga cin data.

A Meshroom ka jawo hotunan ka zuba, ka adana aikin da suna tun kafin ka danna maɓallin farawa. Wannan adanawa tana da muhimmanci a garin da wuta ke ɗaukewa, domin manhajar tana ajiye kowane mataki da ta gama, idan ta dawo daga inda ta tsaya za ta ci gaba. Da farko za ka ga ɗigo-ɗigo kamar watsattsen gero, da ƙananan alamu kewaye da su masu nuna inda ka tsaya. A nan ka dakata ka duba. Hotunan da ta gane wurinsu za su sami alamar kore, waɗanda ta kasa ja. Idan ja sun yi yawa, kada ka ɓata dare, koma ka ƙara hoto a inda giɓin yake. Idan lafiya, za ta cike ɗigon, ta saƙa raga a kansu, sannan ta yafa wa ragar launin da ta ɗebo daga hotuna. Hoto ɗari a laftof ɗina yakan ci awa biyu zuwa uku. Da dare nake sa shi, in ɗaga laftof ɗin a kan bulo biyu, fanka na kaɗa masa, saboda zafin Bur Sudan yana iya kashe shi a tsakiyar aiki.

Siffar da ta fito ba ta san girman kanta ba, tana iya zama ƙwayar gyaɗa ko dutsen Kasala. Nan rula take amfani. Buɗe siffar a MeshLab, ita ma kyauta ce, ka ɗauki ma'aunin da ke ciki ka auna daga 0 zuwa 20 a jikin rular da ta fito. A ce ya ba ka 0.8. Raba 20 da 0.8, ka sami 25. Ka ninka girman siffar duka da 25, yanzu kowane ɗaya santimita ne. Sai ka auna rula ta biyu don gwaji. Idan ta ba ka abin da ya kamata, da bambancin da bai wuce milimita ɗaya ba a ƙaramin abu, aikinka ya tsaya. Ka rubuta wannan bambanci a littafinka ko da ya yi yawa. Bayan haka ka yanke jarida da tarkacen da ke yawo a gefe, amma ka ajiye kwafi ɗaya da ba a yanke komai ba.

Daga guntu zuwa tulu

Har zuwa nan ba mu ƙirƙiri komai ba, abin da yake akwai muka kwafa. Daga nan ne ake shiga sake ginawa, kuma daga nan ne amana take farawa.

Guntun baki shi ne mai daraja. Ka auna tsawon miƙaƙƙen layi daga wannan ƙarshen leɓe zuwa wancan, sannan ka auna daga tsakiyar layin zuwa ƙoƙon lanƙwasar. A guntun tulun kakata, layin santimita 8 ne, zurfin lanƙwasa santimita 1. Lissafin shi ne ka ninka 8 da kanta, 64, ka raba 64 ɗin da zurfin da aka ninka sau takwas, wato 8, ya ba ka 8, ka ƙara rabin zurfin. Ya zama 8.5, wato daga tsakiyar baki zuwa leɓe. Faɗin bakin tulun santimita 17 ke nan. Masu tono suna da takarda mai da'irori a jere da suke ɗora guntu a kai don samun wannan amsa, kana iya zana taka da kamfas. Ka sani fa, tukunyar da aka gina da hannu bakinta ba ya zama cikakkiyar da'ira, kuma guntun da ya yi ƙanƙanta sosai yana yaudara. Ka yi awon sau uku.

Kafin ka ci gaba sai ka daidaita zaman guntun. Masu aikin sukan kifa leɓen a kan tebur su karkata shi har sai haske ya daina wucewa ta ƙarƙashi, wannan ne zamansa na asali. A Blender, manhajar gina siffa a kwamfuta, haka za ka yi, ka juya siffar har duk tsawon leɓen ya kwanta a kan layi ɗaya. Sannan ka yanka ta daga sama zuwa ƙasa, ka bi gefen yankan da layi, ciki da waje, don kaurin ya fito. Ka ajiye wannan layi santimita 8.5 daga tsakiya, ka sa masa abin juyawa da ake kira Screw, digiri 360. Nan take za ka ga baki da wuya sun zagayo. Sauran guntayen ka matso da su ɗaya-ɗaya, kana duba kauri da lanƙwasa da yadda karaya take shiga karaya. A 2003 tawagar Charles Bonnet ta tono gumaka bakwai na sarakuna a Dukki Gel kusa da Karma, ciki har da na Taharka, duk a kakkarye cikin rami guda, aka haɗa su da hannu. Amfanin kwamfuta shi ne ka gwada haɗi sau ɗari ba tare da gefen guntu ya goge ba.

Bango da gida

Gini ma haka ne, sai dai jiki ya fi wahala. Ka fito bayan asuba kafin rana ta ɗaga, ko ka jira bangon ya shiga inuwa gaba ɗaya. Ka tsaya fuskantar bango, ka riƙa tafiya a kaikaice kamar ƙaguwa, taku ɗaya hoto ɗaya, nisanka da bangon bai sauya ba. Ka dawo kana ɗan karkata hagu, ka sake komawa kana karkata dama. A kusurwa ka yi baka da hoto biyar ko shida, a nan siffa ta fi tsinkewa. Maimakon rula, ka ajiye alamu na kwali a ƙasa nesa da juna, ka auna tsakaninsu da tef, ka rubuta. Kada ka manna komai a bango, kada ka jingina, kada ka hau. Dutsen murjani da ya sha gishiri da ruwa yana marmashewa, bangon da kake gani a tsaye wani lokaci katako ɗaya ne ya riƙe shi.

Saman bango shi ne matsala. Jirgi marar matuƙi ka manta da shi a wannan lokaci na yaƙi. Gora mai tsawon mita huɗu da waya a ɗaure a kanta, tana ɗaukar hoto da kanta duk bayan daƙiƙa biyu ko uku, ta wadatar. Dabarar ma ba sabuwa ba ce a ƙasarmu. A Jabal Moya, nan kusa da Sinnar, tawagar Henry Wellcome ta ɗaga kyamara sama da filfilon iska mai igiya don ɗaukar wurin tono tun kafin yaƙin duniya na farko.

Abin da ka gani, abin da aka gaya maka, abin da ka zata

Wani abokin aikina ya taɓa nuna mini wani gidan Sawakin da ya tayar a kwamfuta, bene uku, da tagogin roshan, wato masu turowa waje daga bango, na katako masu sassaƙa, da fitilu, har da labule. Ya yi kyau ƙwarai. Na ce masa, "Ustaz, wannan tagar ta sama daga ina ka samo ta?" Ya ce daga wani gidan Jidda. "To tsawon benen fa?" Ya ce haka ya ga ya dace. A ƙasa abin da ya rage na gidan bai wuce ƙugu ba. Raina ya ɓaci, domin yaron da zai ga hoton nan gobe zai ɗauka haka gidan yake, kuma hoton zai yi ta yawo a wayoyi bayan an manta wanda ya yi shi.

Ba laifi ba ne a yi hasashe, laifin a ɓoye shi ne. Ni launi uku nake aiki da su. Abin da yake nan, wanda kyamara ta gani, yana zama da launinsa na gaskiya. Abin da babu shi amma akwai shaida a kansa, kamar tsohon hoto ko zane ko ramin da katako ya bari a bango ko bakin dattijon da ya san wurin, ina ba shi ruwan toka. Abin da na ɗauko daga kwatance da wani gini, shuɗi ne mai shara-shara da ake gani ta cikinsa. A Blender kowanne yana rukuninsa, mai kallo zai iya kashe shuɗin ya ga abin da ya rage. Idan hasashe biyu suna yiwuwa, ina gina duka biyun. Kowane sashe mai toka ko shuɗi yana da layinsa a wata takarda: daga ina na samo, me ya sa na zaɓi wannan, yaushe. Masana sun rubuta wannan ƙa'ida a Yarjejeniyar Landan ta 2006, daga baya Ƙa'idojin Sabiliya suka faɗaɗa ta a kan kufai. Mu kuwa mun tashi da ita a makarantar allo, inda ba a karɓar magana sai an ji daga wa aka ji ta.

Dalolin Bajarawiya, a tsohon birnin Meroe arewa da Shandi, sun nuna yadda shaida take hawa-hawa. A 1834 wani ɗan Italiya, Giuseppe Ferlini, ya rushe dalar Sarauniya Amanishakheto yana neman zinariya, kayan da ya kwasa suna Munik da Balin yanzu. Amma a 1821 Frédéric Cailliaud ɗan Faransa ya riga ya zana dalar tana tsaye. Wanda zai tayar da ita a kwamfuta yana da gindin da ya rage, wannan launin gaskiya ne. Yana da zanen Cailliaud, wannan toka ne, tare da tuna cewa mai zane da hannu yakan gyara abin da ido ya gani. Friedrich Hinkel, maginin Jamus da ya shafe shekaru yana gyaran dalolin, ya gano zanen tsarin dala da magina na da suka karce a jikin bangon wani ɗakin ibada a wurin. Wannan shaida ce mai ƙarfi a kan yadda ake gina su, amma ba hoton dalar sarauniyar ba ce, don haka abin da aka ɗauko daga gare ta shuɗi ne. A Sawakin kuma muna da zane-zanen Jean-Pierre Greenlaw masu awo, da aka buga a 1976, na gidajen da yawancinsu sun zube bayan ciniki ya koma Bur Sudan. Da abokina ya fara da su, da bai je Jidda aron taga ba.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke cike giɓi da kansu, ban yarda a kusantar da su wannan aiki ba. Ba za su iya gaya maka daga ina suka samo abin da suka cike da shi ba, kuma abin da ba shi da asali ba shi da launi a cikin ukun nan.

Ajiya

Hotunan asali sun fi siffar daraja, domin manhajar shekara goma masu zuwa za ta fitar da abin da ta yau ta kasa. Kada ka goge su, kada ka gyara su. Kowane aiki da jakarsa: hotuna, awo, takardar shaida, da siffar a tsarin OBJ ko PLY da kowace manhaja ke buɗewa. Kwafi uku, a wuri uku. Nawa ɗaya yana laftof, ɗaya a faifan ajiya, ɗaya wajen ɗan'uwana a Jidda. Wanda ya bar gida a Khartum da kayan jikinsa kaɗai ya san dalili. Hukumar kayan tarihi ma a ba ta nata. Idan za ka ɗora a shafin intanet na Sketchfab don jama'a su juya da yatsa, ka rage nauyin ragar, ka nemi izini, kuma ka cire bayanan da ke nuna ainihin wurin idan kufan ba shi da mai gadi. Masu na'urar neman zinariya su ma suna da intanet.

Tsofaffin hotuna kuma kada a raina su. Bayan ɓarnar da aka yi a gidan tarihin Mosul na Iraƙi a 2015, masu aikin sa kai sun tattara hotunan da baƙi suka taɓa ɗauka, suka tayar da siffar wani zakin dutse da aka farfasa. Duk wanda ya taɓa zuwa gidan tarihin Khartum da makaranta ko da iyali, ya binciki tsohuwar wayarsa. Ko hoton bai isa yin siffa ba, yana iya zama shaidar da za a gane abin sata da ita.

Da na gama tulun kakata, guntaye huɗu da launinsu, sauran jiki duk shuɗi, na kai wa Goggo laftof ɗin har kan tabarmarta. Ta sa na juya shi sau biyu. Ta ce, "Ɗan nan, bakin shi ne, amma cikin ya fi haka faɗi, hannuna biyu ba sa zagaye shi. Kuma a kafaɗa akwai zanen igiya da maginiyar ta murza, layi biyu." Na ce, "Goggo, ina layin yake, sama da wannan guntun ko ƙasa?" Ta ɗora yatsa a kan allo. Na miƙa mata tef ta nuna mini faɗin da hannunta, na rubuta awon da ranar da sunanta a takardar shaida. A daren na buɗe cikin tulun zuwa inda ta ce, na zana layi biyun a kafaɗa, na mayar da su toka. Gindin har yanzu shuɗi ne, ta ce kullum a binne yake cikin rairayi, ba ta taɓa ganinsa ba.